Lambun Farin Wata: Abin Da Za Mu Shuka Don Daren Tsakar Gida

Laccar da aka gabatar a gaban manoma, malamai, iyaye mata da ɗalibai a garin 'Yargoje, Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara, Jihar Katsina



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya yi dare Ya yi rana, Ya sa wata ya zama ma'aunin kwanakinmu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Shugaban wannan zama, iyayen ƙasa ranku ya daɗe, malamanmu Allah Ya gafarta muku, iyayenmu mata, 'yan'uwana manoma, 'ya'yana ɗalibai, da baƙinmu da suka taso daga Faskari da Sabuwa, sannunku da zuwa.

Gabatarwa

An nemi in yi magana a kan shuke-shuken cikin gida. Fagen yana da faɗi, don haka na zaɓi gefe guda da ba a cika waiwayarsa ba, wato abin da mutum zai shuka don ya more shi da dare, a hasken wata.

Mu tambayi kanmu, yaushe iyali suke haɗuwa a gida a garin nan? Maigida ya yi sammakon gona ko kasuwa. Uwargida tana cikin gida wuni guda, amma tsakanin murhu da turmi da rijiya take, ba ta miƙe ƙafa sai an kwashe tuwon dare. Yara suna boko da safe, islamiyya da yamma. Sai bayan magariba ake shimfiɗa tabarma kowa ya hallara, in kuwa bazara ta kama, a nan ma ake kwana. Duk da haka, in za mu dasa wani abu a gida, lissafi biyu muke yi: inuwar rana da tukunyar miya. Kiran da nake yi yau shi ne mu ƙara na uku. Mu shuka don sa'o'in da muke zaune a gidan.

Ana ta kai, wa yake ta kaya?

Na san akwai mai faɗin haka a ransa yanzu, kuma yana da gaskiyarsa. Garin nan bai manta da daren nan na watan Yunin 2024 ba, da 'yan bindiga suka shigo aka rasa rayuka masu yawa. Allah Ya ji ƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. Ƙanƙara ba ta manta da Disambar 2020 ba, da aka kwashi ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya cikin dare. Faskari da Sabuwa kowace da tabon da take ɗauke da shi. Fure ba ya tare harsashi. Tsaron rai nauyi ne da ke wuyan hukuma, kuma ba za mu gaji da tuna mata ba.

Sai dai ku duba abin da wannan masifa ta ƙwace mana bayan rayuka da dukiya. Dandali ya mutu. 'Yanmata sun bar gaɗa a farin wata, samari sun bar langa, dattawa sun rage hirar ƙofar gida. Akwai yaran da suka taso ba su san dare da komai ba sai kasa kunne da shirin gudu. Ɗan abin da ya rage mana na dare shi ne wanda katanga ta kewaye. Tunda haka ne, wannan ɗan fili ya cancanci a gyara shi ya zama inda yaro zai zauna kusa da kakarsa ya ji tatsuniya hankalinsa kwance. Kuma za ku ga kusan duk abin da zan lissafa, ko ana cinsa, ko ana sayar da shi, ko ana magani da shi. Ba almubazzaranci na zo koya muku ba.

Yadda ido yake gani a hasken wata

Kafin a zaɓi shuka, sai an san abin da ido yake iya gani da dare. Hasken wata na rana ne, ya doki wata ya dawo mana. Masana sun auna sun ce rana ta fi wata ɗan daren 14 haske kimanin sau 400,000. Amma a wannan ɗan haske mutum yana tafiya gona, har ya shaida fuskar maƙwabcinsa. Dalili shi ne Allah Ya sa ƙwayoyin gani iri biyu a cikin idon ɗan Adam. Na farko suna aiki da haske mai ƙarfi, su ne masu rarrabe launi. Na biyu sai haske ya yi ƙasa suke karɓar aiki. Sun fi na farko saurin kama haske, amma ba ruwansu da launi, kuma ja ne abin da suka fi kasa gani. Wani masani ɗan ƙasar Cek mai suna Jan Purkinje ya bayyana wannan a farkon ƙarni na 19, bayan ya lura jajayen furannin da ke ƙyalli da rana suna komawa baƙaƙe in haske ya ja baya. Iyayenmu mata za su iya gwadawa a daren 14 mai zuwa: a shanya jan zane da farin zane a igiya ɗaya, a koma bakin ƙofa a duba. Jan zai saje da duhu, farin kuwa daga nesa za a hango shi.

Tsirrai ma an tsara su bisa wannan. Wanda ƙudan zuma ke yi wa barbara da rana yakan yi fure mai launi, rawaya ko shuɗi. Wanda kuwa ya dogara da baƙin dare, wato jemage da malam-buɗe-littafin nan na dare mai kaurin jiki, farin fure yake yi don a hango shi, ya saki ƙamshi don a biyo shi, kuma sai rana ta yi sanyi yake buɗewa. Alamomin da mai zaɓe zai riƙe ke nan: fari, ƙamshi, buɗewar yamma. Duk shukar da ta haɗa biyu daga ciki ta cancanci wuri.

Abu na biyu shi ne tafiyar watan kansa. Yana cika zagayensa a kwana 29 da rabi, kuma kowane dare yana jinkirin fitowa da kimanin minti 50. A daren 7 yana tsakiyar sama da magariba. A daren 14 yana ɓullowa daga gabas daidai faɗuwar rana. A daren 17 sai wajen ƙarfe 9 yake leƙowa. Ke nan kusan dare 10 muke da su a kowane wata, cikinsu har da na 13 da 14 da 15 da ake azumin nafila, kuma a yawancinsu hasken hira daga sama da gabas yake zuwa. Wannan ya yanke hukuncin wurin shuka. Farare a jera su ta wajen katangar yamma, suna fuskantar gabas. Gefen gabas a bar shi a buɗe, kada a dasa masa mangwaro ko wata bishiya mai duhun inuwa. Akwai ƙarin riba, domin katangar yamma za ta kare shukar daga ranar la'asar, wadda ta fi ƙona ganye a bazara.

Na uku, ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, kuma duban waya sau ɗaya yana mayar da shi baya. Fitilar sola mai farin haske da aka rataya a tsakiyar gida tana kashe farin wata gaba ɗaya. A sauke ta ƙasa ta haska hanyar banɗaki da bakin murhu, a bar wa wata sauran.

Waɗanda suka riga mu

Abin ba sabo ba ne a duniya. Sarakunan Mugal, Musulmin da suka mulki Indiya, suna da lambu a birnin Agra mai suna Mehtab Bagh, a ƙetaren kogin Yamuna daura da Taj Mahal. A zamanin Shah Jahan, cikin ƙarni na 17, an ƙawata shi da tafki da furanni masu ƙamshi don a zauna a kalli farin ginin nan a hasken wata. A Ingila, wajen 1950, marubuciya Vita Sackville-West ta ware wani ɓangare na lambunta a Sissinghurst ta cika shi da fararen furanni da ganyaye masu ruwan toka, har yau mutane na biyan kuɗi su shiga kallo. A Masar, manoman ƙauyen Shubra Balula a lardin Garbiyya suna tashi tsakar dare su tsinki furen yasmin har wayewar gari, domin a lokacin ƙamshinsa ya fi ƙarfi, kuma daga nan ake kai wa masu haɗa turare a Faransa. Waɗancan da dukiyar sarauta ko ta kasuwa suka yi nasu. Mu namu irin yana bayan ɗakunanmu.

Na gida da za a fara da su

Duma ne na farko, kuma babu na biyunsa a sauƙi. Mai son ganin abin da nake faɗa ya tsaya gindin rumfar duma a watan Agusta da la'asar sakaliya. Wuni guda furen a naɗe yake, ganyayen nan masu gashi sun yi laushi don zafi. Rana na sunkuyawa sai bakin furen ya fara saki, kunnuwa 5 farare sirara masu tattararren gefe, kafin a kira isha sun baje. Na mijin yana kan doguwar sanda, ya ɗago sama da ganye. Ta macen sandarta gajera ce, kuma a ƙarƙashinta akwai ɗan duma ƙanƙane lulluɓe da gashi. In ka yi shiru za ka ji kaɗawar fuka-fuki, malam-buɗe-littafin dare ya iso, ya zura dogon bakinsa ya sha ruwan zaƙi ya wuce na gaba. Da hantsi furen ya yanƙwane, da yamma wasu su buɗe. Ana shuka ƙwaya 3 a rami in damina ta zauna, a bar biyu masu ƙarfi, a ɗora su bisa rumfa ko danga. Cikin wata biyu sun fara fure. In ana son 'ya'ya su kama da yawa, a tsinki furen miji da magariba a goga cikinsa a na mace. Da kaka ga ƙwarya, ga ludayi, ga gora, ga zungurun ƙunshi.

Lalle ne na biyu. Iyayenmu mata sun san ganyensa, amma da yawa ba su taɓa barinsa ya yi fure ba, saboda kullum ana cikin aske shi. Furensa ƙanana ne, fari da ɗan ratsin rawaya, cunkus a kan reshe, ƙamshinsu kuwa yana cika gida in iska ta kwanta. A Indiya turare ake yi da shi. Yana kamawa daga yanka: a sami reshe mai kaurin yatsa, tsawon kamu ɗaya, a binne rabinsa a damina. In ya kafu yana jure fari. Shawarata a dasa biyu, ɗaya na ganye a riƙa yanka, ɗaya a ƙyale shi don fure, kusa da inda ake shimfiɗa tabarma.

Zogale yana da hali biyu da suka dace da dare. Furensa fari ne mai sanyin ƙamshi, kuma ganyensa ƙanana ne, haske yana ratsa su ya sauka ƙasa. Bai cika shekara ba yake fara fure. A riƙa sare kansa in ya kai tsayin mutum don ya yi rassa, furen ya tsaya inda ido da hanci za su kai. Lemun tsami ma farin fure yake yi mai ƙamshi, sai dai yana son ban ruwa da rani. Gwanda kuwa, mun saba sare namijin muna cewa ba ya haihuwa, alhali dogayen zarar furensa ne suka fi ƙamshi da dare, kuma da garin furensa matan suke ɗaukar 'ya'ya. Namiji ɗaya ya ishi mata kamar 10, a bar shi.

A ƙasar auduga muke, kuma duk wanda ya taɓa ratsa gonar auduga ta hanyar Funtuwa a farin watan kaka ya san yadda take haske. Gindi 3 ko 4 ta wajen katanga sun isa, a bar su su fashe kada a yi saurin tsinka. Ɗoɗɗoya da na'ana'a a dasa su bakin hanyar wucewa, inda gefen zane zai goge su ƙamshi ya tashi. Tun kakanni ake ajiye ɗoɗɗoya don rage sauro, amma kada a ɗauka ta maye gurbin gidan sauro.

Bedi, wanda wasu ke kira darbejiya ko dogon yaro, ɗan Indiya ne da aka fara dasawa a Borno wajen 1928. In bazara ta gabato yana zubo ƙananan fararen furanni masu ƙamshi, amma inuwarsa tana da duhu. Wurinsa ƙofar gida ko gefen arewa, iska ta kawo ƙamshin.

Manyan da ke bayan gari

Akwai waɗanda suka fi ƙarfin tsakar gida, amma su ne sarakunan furen dare. Kuka tana fure da farkon damina. Ƙullin furen yana reto a doguwar igiya, kore, a rufe. Da magariba ɓawon zai tsage ya naɗe baya, mai haƙuri yana iya tsayawa ya ga motsinsa da idonsa, farin fure mai faɗin tafin hannu ya fito da tuntun zare a ƙasansa. Warinsa ba na ɗan Adam ba ne, na jemage ne. Jemagun za su zo su maƙale su lashi ruwan zaƙi, ƙirjinsu ya kwashi garin fure su kai wata kukar. Dare ɗaya furen yake yi, washegari ya fara ja, ya faɗo. Rimi ma da dare yake buɗewa, cikin hunturu bayan ya zubar da ganye, kuma jemage ne ke yi masa wannan aiki. Haka ɗorawa.

Abin lura a nan ya wuce ado. Yaron da ya harbe jemage da danƙo ya taɓa 'ya'yan kuka da kalwar daddawa bai sani ba. Mai gatarin da ya kayar da tsohuwar ɗorawa don gawayi ya kashe abin da jikansa ba zai ga madadinsa ba. Ina roƙon iyayen ƙasa, ranku ya daɗe, a sa ido a kan waɗannan itatuwa na bakin gari.

Bado ma ɗan dare ne. Farin furensa yana buɗewa a tafki bayan faɗuwar rana, ya rufe da hantsi. Wani zai so ya kawo shi gida a rabin duro. Ban hana ba, amma a sani sauro yana kammala girma daga ƙwai cikin mako guda zuwa kwana 10 a ruwan da ke kwance. Sai dai a sa ƙananan kifi su riƙa cinye tsutsar, kuma gidan da ke da mai rarrafe ya haƙura da shi.

Baƙin shuka da waɗanda za a guje wa

Masu sayar da furanni a bakin titi a Katsina da Funtuwa da Zariya suna da wasu da suka karɓi ƙasarmu. Akwai yasmin, wanda alhazai suka san ƙamshinsa a Saudiyya. Yana buɗewa da yamma, yana son rana da ruwa daidai gwargwado, yana kuma kamawa daga yanka. Akwai ɗan gajeren furen nan mai kunnuwa 5 da ake gani a harabar makarantu da asibitoci, ɗan asalin Madagaska. A zaɓi farinsa, yana fure kusan duk shekara kuma zafi bai dame shi ba, sai dai ba a cinsa. Akwai wadda suke kira sarauniyar dare, mai ƙananan furanni da ƙamshi mai tafiya nesa. Ita guda ɗaya ta isa, kuma a nesanta ta da tagar ɗakin kwana, domin tana sa wasu ciwon kai, mai asma kuma tana iya tayar masa. 'Ya'yanta guba ne. Ƙamshi a lambu kamar daddawa ne a miya, kaɗan ya gyara, in ya yi yawa ya ɓata. Masu ƙarfin ƙamshi biyu sun ishi gida guda.

Zaƙami kuwa, wanda ake kira haukata-yaro, in don kyau ne da shi za a fara: dogon farin fure mai buɗewa da dare, ga ƙamshi. A ƙasashen Turawa ana dasa danginsa don ado. Mu a nan kada wanda ya kuskura. Ganye da fure da 'ya'ya duk guba ne, yana gusar da hankali, yana kisa, kuma mun san ɓarnar da yake yi a tsakanin samarinmu. In ya fito da kansa a juji a tumɓuke shi. Tumfafiya ganyenta yana da ruwan toka mai ɗaukar haske, amma ruwan nononta yana lahanta ido. A bar ta a daji. Mai son irin wannan launi, in sabara ta tsiro a gefen filinsa ya ƙyale ta.

Yadda za a dasa a kuma raya

Allah Ya ba wannan yanki ruwan sama da ya fi na arewacin jiha, yana kai wa kusan milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa farkon Oktoba. Lokacin dashe shi ne in damina ta zauna, Yuni zuwa Yuli, don saiwa ta kama ƙasa kafin ruwa ya ɗauke. A haƙa rami kamu biyu faɗi, kamu biyu zurfi. A gauraya ƙasar sama da takin da ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, taki in ya yi yawa kuma ganye zai ba ka, ba fure ba.

A ja da shuka taku biyu daga katangar ƙasa, in ba haka ba ruwan bayi zai ci gindinta. Wannan tazara kuma ita za ta ba da damar shara ta baya. Akuya da kaji su ne manyan abokan gaba a watannin farko. A kewaye kowane dashe da kara ko ƙaya, a kifa tsohon kwando a kan ƙanana. Gara tana bin shukar da ta sha ƙishi da busasshen karan da aka tara a gindi, don haka a riƙa dubawa, a barbaɗa toka.

Da rani ruwa yana tsada, amma gida yana zubar da wanda zai raya lambu. A mayar da wurin alwala gindin lalle. Ruwan wankin hatsi da na shinkafa a kai wa zogale da lemo. Ruwan wanki mai omo kada a zuba, yana kashe ƙasa a hankali. Ga kuma dabarar da ta daɗe a ƙasashe masu fari: a sami tulun ƙasa da ba a shafe shi da komai ba, a binne shi har wuya kusa da shuka, a cika shi da ruwa a rufe bakin. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikinsa kai tsaye zuwa saiwa, rana ba ta sha ba, sauro bai samu ba. Sai bayan 'yan kwanaki a ƙara.

Yanzu ga abin da muka fi kowa. Ƙasar Ƙanƙara ta yi suna da farar ƙasa, wadda masana'antu ke nema don fenti da magunguna da tangaran. Kakanninmu da ita suke shafe ɗaki. A shafe katangar yamma da ita bayan damina, a zuba farin yashin rafi a wurin zama da hanyar wucewa. Farar katanga tana maido da hasken wata cikin gida, inuwar zogale da ta lalle su fito a jikinta sarai, ko a watan da babu fure ko ɗaya. Farin yashi kuma tsaro ne, domin kunama da kububuwa da dare suke yawo, kuma a kan farin yashi ana ganinsu. Saboda su ne nake cewa a sare rassan ƙasa na kowace shuka har a riƙa ganin gindinta, kada a bar tarin ganye ko itace kusa da wurin zama. A wajen katanga kuma, a halin da muke ciki, kada a bar duhuwar da mutum zai iya laɓewa, ko reshen da zai taka ya haura.

Wanda rikici ya raba da gidansa yana zaman haya ko na aro, shi ma yana da rabo. Duma da ɗoɗɗoya da yasmin suna rayuwa a tsohon bokiti ko buhun siminti da aka huda ƙasansa, kuma ranar komawa gida ana iya ɗaukarsu a tafi da su.

In aka haɗa waɗannan, shekara ba za ta yi giɓi ba. Damina ta duma ce da kuka da bado, ko da yake gajimare kan ɓoye wata. Kaka ce ta fi kowane lokaci, sama ta wanke, ga auduga ta fashe. Da hunturu hazo yana dusashe wata, sanyi yana kora mutane ɗaki, sai a dogara da zogale da farar katanga. Da bazara, lokacin kwanan waje, ga bedi, ga lalle da lemo in suna samun ruwa.

Kammalawa

Ya tabbata a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa Musulmi ba zai dasa itace ko ya yi shuka ba, mutum ko tsuntsu ko dabba su ci daga gare ta, face an rubuta masa ladan sadaka. Ke nan ko abin da jemage ya lasa da dare ba a yi asararsa ba.

Abin da nake nema a wannan damina kaɗan ne. Kowane magidanci ya kafa rumfa ta wajen yamma ya shuka duma. Kowace uwargida ta nemi yankan lalle biyu wajen maƙwabciyarta, wadda take da shi kuma kada ta hana. In ruwa ya ɗauke a shafe katanga ɗaya da farar ƙasa. Malaman makaranta su ware ɗan gefe a harabarsu, su sa ɗalibai su rubuta ranar shuka da ranar furen farko da sa'ar da yake buɗewa, domin wannan ma kimiyya ce, kuma ba ta buƙatar ɗakin gwaji. Ku kuma 'ya'yana ɗalibai, ɗaukar ruwa da korar awaki naku ne.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu lafiya, Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu.